Ƙahon da Na Hana Malam Mani

Ku da kuke riƙe da injin aski, wuta ta zo ku yi aiki, ta ɗauke ku miƙe a kan benci, gani kuke wanzanci ba komai ba ne illa jan aska a kan ƙoƙon kai. Ɗazu na ji ɗayanku yana cewa ƙaho ai tsotsa ce kawai, ko ɗan maraƙi ya iya. To, madalla da ɗan maraƙi. Tunda yau babu wuta kuma babu mai jiranku, ku matso in gaya muku yadda muka yi tamu sana'ar.

Aikin farko da kawuna, Wanzam Gado, ya ba ni a Bungudu shi ne wankin ƙaho. Bai ba ni aska ba, bai bar ni na taɓa kan kowa ba. In ya gama da mutum sai ya miƙo mini ƙahon, ya ce in dubi abin da ya faɗo kafin in binne shi. Na ɗauka wulaƙanci ne irin na manya, ashe karatu ne. Jinin mai lafiya yakan faɗo a dunƙule kamar yankin hanta, ya yi sheƙi, ya kwanta wuri ɗaya. Kawu yakan ce jini abu ne mai kunya, da ya fito ya ga mutane sai ya dunƙule. Na daɗe ina wanki da kallo kafin ranar da ya ce in kama kan wani makiyayi mai barci a zaune, in gwada hannuna.

Zabirar da ya bar mini ita ce waccan da kuke yi wa dariya. A cikinta akwai askar aski da 'yar tsaga, da almakashi, da dutsen wasi da fata, da ƙahoni manya da ƙanana, da ƙullin garin bagaruwa na tsayar da jini. Ƙahon kirki na ɗan bijimi ne, a goge bakinsa ya yi sumul, a huda tsininsa, a liƙa masa jijiya. Ka jiƙa wurin, ka kafa, ka ja iska da bakinka, ka tura jijiyar da harshe ta toshe hudar. Fata ta kumbura, ka cire, ka yi tsaga ƙanana waɗanda ba su wuce fata ba, ka sake kafawa. Duk wannan cikin kwana kaɗan za ku iya shi. Abin da ke cin shekaru shi ne sanin bayan da za a kafa wa ƙaho da wanda za a ce wa je ka gida ka sha kunu.

Lokacin da aka ba mu jiha, Gusau ta cika da baƙi. Ma'aikata suka zo da iyalansu, babura suka yi yawa, shagunan aski masu madubi har ƙasa suka fara buɗewa a bakin titi. Ni kuwa ina nan da tabarmata, ranar kasuwar Bungudu ina gindin ceɗiya, sauran kwanaki ina zagaya Gusau da ƙauyuka a kan keke. A nan na san Malam Bitrus, Kirista ne daga kudancin Kaduna, mai gwajin jini a wani asibiti cikin gari. Injin aski yana fito masa da ƙuraje a haɓa, don haka aska yake so. Yana zaune ina yi masa gyaran fuska yakan ce, “Ni da kai, Wanzam, abu ɗaya muke ci. Kai ka zubar, ni in leƙa.”

Ƙahon da zan ba ku labarinsa na kafa shi ne a Kwatarkwashi, cikin bazarar da ta biyo bayan samun jiha. Mai bayan shi ne Malam Mani, manomi, gidansa yana gindin dutse, inda inuwa ke riga kowa sauka da la'asar. Tun kawu yana da rai nake yi masa aski, kuma duk bazara sai ya sha ƙaho kafin ya ɗauki fartanya. Mutum ne mai magana a hankali kamar wanda bai gama farkawa ba. Yakan tsaya a tsakiyar zance ya bi shaho da ido har ya ɓace a bayan dutsen, sannan ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Ranar ya tuɓe riga ya juya mini baya. Na ga tabo baƙi-baƙi a kafaɗa da kwiɓi, kamar wanda ya faɗo daga jaki.

“Wanzam, ka gani ko?” in ji shi. “Mataccen jini ya taru, har shina leƙowa waje. Ban faɗi ba, ba wanda ya buge ni. Ɗebe man shi.”

Duk wanzamin da ke ƙasar nan abin da zai gani ke nan. Baƙin tabo a jiki mataccen jini ne, mataccen jini kuwa aikin ƙaho ne, haka muka gada. Na kafa, na tsaga kamar kullum, na sake kafawa. Da na cire ƙahon farko sai jinin ya zubo tsararo kamar ruwan zoɓo, ya bi gadon bayansa. Babu dunƙule ko kaɗan. Na share, ya sake tsattsafowa. Na barbaɗa bagaruwa, ta jiƙe ta zame. Na danne da tsumma har hannuna ya gaji, na ɗaga, 'yan tsagar nan da ba su kai farcen jariri ba suna nan suna hawaye. Shi kuwa yana kallon dutse abinsa, yana ce mini yana jin iska mai daɗi a bayansa.

Matarsa, Inna Tumba, ita ta yage zane muka ɗaure shi tam. Muka tare wata bas a bakin hanya sai Gusau. Kafin motar ta tashi na ji wani a cikin masu kallo ya kama sunana yana cewa, “An gwada Iro. Wani wanzami ya ɗaure mai hannu.” Ku ba ku san wannan ba. A sana'armu, in jini ya ƙi tsayawa, ba a cewa mai jinin ne ba shi da lafiya. Cewa ake wani abokin sana'a ya yi maka asiri, kuma laƙaninka ya kasa.

A asibiti aka ƙara masa jini, aka samu ya tsaya. Washegari na je dubiya, Malam Bitrus ya ja ni ɗakinsa na gwaji. Ya ce in ba shi yatsa. Na noƙe hannu, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ashe da gaske ne wanzami ba ya son jarfa. Ya soke ni, ya shafa ɗigon a kan gilashi, ya zuba masa wani ruwa mai launi, ya ce in sa ido a madubinsa mai kama da bututu.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Wani fili ne mai haske, zagayayye kamar wata, cike da ƙwayoyi jajaye-jajaye suna kwance kamar ganyen bado a kan tafki. A tsakaninsu ga wasu 'yan mitsi-mitsi masu ruwan shuni, ko'ina, kamar tsakin da aka watsa wa kaji. Ya ce waɗannan 'yan tsakin su ne masu toshe rauni. Da an yanke fata sai su ruga su taru a bakin wurin, su manne da juna, jini ya daskare a kansu. Sannan ya canza gilashi ya sa na Malam Mani. Badon yana nan, amma tsakin sai ka yi yawo da ido kafin ka ga ɗaya, can a gefe, shi kaɗai.

“Baƙin tabon nan ba mataccen jini ba ne,” in ji Malam Bitrus. “Jini ne mai rai yake yoyo a ƙarƙashin fata, don babu masu tare shi. Ko ƙaya ce ta karce mutumin nan, a yi hattara.”

Na tambaye shi ina tsakin ya tafi. Ya ce abin da likita ke nema ke nan. An duba zazzaɓi, an duba saifa, an duba ɓargo inda ake ƙera su, ba a ga ɓarawon ba. Sai da Malam Mani ya ambata cewa wani lokaci yakan ji duhu ya rufe shi a gona, likita ya daɗe da abin sauraro a ƙirjinsa, sannan ya tura shi babban asibiti a Zariya, inda ake da injin da ke nuna zuciya.

Da Malam Mani ya dawo na hau keke na je gaishe shi. Na same shi a gindin dutse, a kan buzu, fuskarsa da wani irin haske kamar wanda ya dawo daga Makka.

“Wanzam, na ga zuciyata,” ya ce. “Cikin wani akwati irin talabijin. Toka-toka ta, kamar hadari na haɗuwa. Ashe ƙyamare gare ta, suna buɗewa suna ruhewa, ba su hutawa. To, bisa ƙyaure guda akwai wani ɗan tsiro. Bai hi ƙwarar wake ba, da gashi-gashi kamar huren bagaruwa. In ƙyauren ya buɗe ya yi nan, in ya ruhe ya yi can. Sai ka ce iska na kaɗa shi.”

Ya yi murmushi, sannan ya ce, “Ni dai duk inda na taɓa sai abu ya tsiro.”

Abin da likitan Zariya ya gaya musu, Inna Tumba ce ta ba ni shi a tsaye, tana tankaɗe. Tsiron ba irin mai yaɗuwa ba ne, ba zai bi jiki ya ci shi ba. Amma ana zaton shi ke cinye 'yan tsakin. Duk jinin jiki ta ƙofar nan yake wucewa, tsakin yana maƙalewa a gashin tsiron, wani yana farfashewa, ɓargo yana ƙerawa ba ya isa. Likitan ya ce ba kowane mai irin wannan tsiro ke samun haka ba, abu ne da ba a cika gani ba, amma an sha cire shi jini ya koma daidai. Kuma in an bar shi, wata rana ɓarɓashinsa zai iya ɓallewa ya bi jini ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa. Magani dai a buɗe ƙirji a cire, kuma a lokacin sai can Inugu ake irin wannan aiki, inda ɗansu yake aikin soja.

Duk wannan bayani, kalma ɗaya Malam Mani ya riƙe.

“Likita da bakinai ya ce ba mugu na ba,” in ji shi. “Manomi ba shi tuge abin da ba mugu ba. Mi za a tsaga ni kamar kabewa? Kai dai ka ƙarasa aikinka. Wancan karon ba ka gama ɗebe mataccen ba, shi ya sa tabon ya dawo. Ga shi nan har ga cinya.”

Na ce masa ba zan kafa ba.

“Tsoro kake ji?”

“Awo, tsoro nike ji.”

“To wanzamai ba su ƙare ba. Ranar kasuwar Tsahe na tahe.”

Bai faɗa da fushi ba, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali, don na san zai je. Kowane wanzami ya ga tabon nan zai kafa masa ƙaho da zuciya ɗaya, kuma daga Tsafe zuwa gadon asibiti akwai tafiya, ga wahalar mai a shekarun nan, mota sai an yi sa'a. Hanya ɗaya ta rage mini, in riga shi zuwa wurin kowa.

Na fara da wanzaman Bungudu, na bi na Gusau unguwa-unguwa, na je har Magami. Duk inda na je sai na tsuguna na faɗi abin da wanzami ba ya faɗa: jini ya gagare ni, ga sunan mutumin, ga kamanninsa, kada a taɓa shi ko da 'yar tsaga. Wasu suka yi mini jaje da baki, idonsu yana dariya. A Tsafe kuwa abin ya so ya juye mini. Wani wanzami mai ji da kansa ya buga zabirarsa ya ce, “A kawo man shi. Jinin da ya gagari Bungudu, Tsahe ta tsai da shi.” Nan na gane garin neman gira zan rasa ido, na mai da bayan Malam Mani fagen gwada laƙani.

Sai na wuce wurin Sarkin Askar garin, wani tsoho mai ido ɗaya da ya san kawuna. Ya saurare ni har na gama.

“Iro, ka san abin da kake yi ma kanka?” ya ce. “Maganar ga in ta zagaya, ba mai kawo maka ɗa kaciya bana.”

Na ce na sani. Na ba shi labarin bado da tsaki. Ya ce shi bai yarda da abin da bai gani ba, gani ya kori ji. Haka na ɗauko tsohon nan a mota har ɗakin Malam Bitrus. Ya kafa idonsa mai gani a bututun, ya daɗe, har na zaci barci ya ɗauke shi. Da ya ɗago sai ya ce a hankali, “Tun muna yara muke zubar da abin ga, ashe gari guda na a ciki.” Ranar kasuwa ya tara wanzamai ya ce duk wanda ya taɓa mutumin Kwatarkwashi ya ajiye zabira. Malam Mani ya je kamar yadda ya ce. Ya bi rumfa-rumfa, kowa ya ba shi wurin zama da ruwan sha, babu wanda ya buɗe zabira. Ya koma gida, ya aiko mini cewa kada keken nan nawa ya sake tsayawa a ƙofarsa.

Maganar tsoho ta tabbata. Ɗari ya shigo, lokacin da gidana kan cika da iyayen yara, ban ga kowa ba. Askin suna ya koma hannun wasu, har a gidajen da ni na aske ubannin jariran. A kasuwa mutum zai taho, ya hango ni ne a gindin ceɗiya, ya tuna yana da saƙo a wani wuri. Ina wasa aska da safe, in mai da ita kube da yamma ba ta taɓa gashi ba. Na koma yi wa mutane ɗaurin dawa da jigilar kara. Malam Bitrus kaɗai bai fasa ba, har yakan zo da gemun da bai isa aski ba. Na ji zafin shekarar nan ƙwarai, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda na yi dominsa ba ya amsa sallamata.

Labarinsa a bakin mutane nake ji. Wai wata safiya yana alwala buta ta suɓuce masa, hannun ya ƙi ɗaguwa, bakinsa ya ɗan karkace, zuwa hantsi kuma ya sake shi. Wai yana zaune yana cewa tsironsa ne ya fara zubar da 'ya'ya, Inna Tumba ta ajiye muciya ta ce masa, “Malam, ko dabino na, in ya tsiro ga bakin ƙohwa cire shi a kai.” Da ɗansu ya zo da mota kuwa, bai yi gardama ba. Daga nan shiru. Damina ta sauka, aka yi shuka, aka yi noma, dutsen Kwatarkwashi ya yi kore, ina wucewa ta hanyar ba na juya kai. Wani ya ce an yi aikin, wani ya ce ana jiran a tara masa jini, wani ma ya ce ya ji an yi rasuwa.

Ran wata kasuwar Bungudu, gero ya fara fitar da kai, ina zaune ina gyangyaɗi sai inuwa ta rufe ni. Na ɗaga ido na ga wani ramammen tsoho da sanda, gashi ya cika masa kai har ya rufe kunne. Ya zauna a tabarmata ba sallama, ya cire hula, ya buɗe wuyan rigarsa. Tabo ne miƙaƙƙe tun daga ƙasan maƙogwaro har bakin ciki.

“Wanzaman can sun hi ka ƙarhin hali,” in ji Malam Mani. “Sun nuna man shi cikin kwalba. Ɗan abu kamar audugar da ta jiƙe. Na so su ba ni in zo da shi, sunka hana.”

Na tambaye shi ko Malam Bitrus ya duba jinin.

“Daga can nike. Ya ce tsaki ya cika, ko kaji sa ƙoshi. Tun da nit tahi ban bari kowa ya taɓa kan ga ba. Aske.”

Na jiƙa kan, na sa sabulu, na fara daga ƙeya. Mutane suka fara tsayawa, mai kaji da kajinsa a hannu, mai gishiri ya bar tasarsa. Kowa ya san shi, kowa ya san ni. Na kai rabi sai ya ɗaga murya yadda za a ji, abin da ban taɓa jin ya yi ba.

“Wanzam, ɗan taɓa ni da bakin askar ga, nan bayan kunne.”

Na ce masa babu buƙata.

“Ni na san jinina. Waɗanga na ba su sani ba.”

Na ɗora bakin askar na ɗan ja. Ɗigo ya fito, ja wur, ya kumbura kamar ƙwayar dawa. Ban taɓa bagaruwa ba, ban karanta komai ba, na ɗaga hannuwana biyu sama inda kowa zai gan su. Ɗigon ya ɗan gangaro, ya yi kamar zai wuce, sai ya tsaya. Muna kallo ya yi duhu, ya ƙafe a wurin.

“Ya tsaya?” in ji shi, don ba ya iya gani.

Mai kajin nan ne ya leƙo ta kafaɗata ya ce, “Ya tsaya, Baba.”

“To, madalla,” in ji Malam Mani, ya sunkuyar da kai. “Ƙarasa man, Iro. Kada in koma ma Tumba da rabin kai.”